Wa Ya Kamata Ya Ga Kuskuren Manhaja?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku ma'aikatan da ba ku daɗe da barin aji ba, kusan kowannenmu ya taɓa cike fom a shafin intanet, ya danna, sai aiki ya tsaya, wani dogon rubutu da Turanci ya cika fuskar waya. Mukan yi tsaki mu sake dannawa. Alhali kuwa ba dominmu aka yi wannan rubutu ba. Saƙo ne ga maginin manhaja, yana gaya masa layin da aiki ya karye, da sunan fayil, wani lokaci har da tsarin rumbun bayanai. Abin da ke taimakon magini wajen gyara, shi ke nuna wa ɓarawo inda katanga ta tsage.

Galibin shafukan yau ba daga tushe ake gina su ba. Akwai shiryayyun tubala irin su Django da Rails da Laravel, waɗanda magini ke ɗora aikinsa a kansu, kowannensu kuma yana da yanayin gwaji. In an kunna shi, kuskure ya fito dalla-dalla. In an kashe, baƙo ya ga gajeren ban haƙuri, bayanin kuma ya tafi kundin da magini kaɗai ke dubawa. Littattafan jagora sun yi gargaɗi kada a bar shi a kunne bayan an buɗe wa jama'a shafi. A ganina gargaɗi bai wadatar ba, tilas masu ƙera tubalan su sa takunkumi a cikin tubalin kansa.

A shekarar 2015 kamfanin Patreon na Amurka, mai tara wa mawaƙa da marubuta gudummawar masoyansu, ya bar shafinsa na gwaji a fili, da na'urar binciken kuskure ta Werkzeug a kunne. Ita kuwa tana ba duk wanda ya ga kuskure damar rubuta wa kwamfutar umarni nan take. Aka kwashe bayanan mutum sama da miliyan 2. A wannan shekarar ce masu Werkzeug suka sa mata lambar sirri, abin da ya kamata a yi tun farko.

Labarin Rails ya fi ban takaici. A da, tubalin yana karɓar duk abin da aka turo cikin fom ya zuba a rumbu, har da guraben da ba a nuna wa baƙo ba, sai fa in magini ya tuna ya hana. Wani matashi ɗan Rasha ya kai ƙorafi, aka nuna masa cewa wannan hakkin magini ne. A watan Maris na 2012 sai ya bi ta wannan kafa a GitHub, wanda shi ma da Rails aka gina shi, ya yi rubutu a cikin ma'ajiyar Rails ɗin kanta. Ban yaba hanyar da ya bi ba, amma fa ta yi aiki: Rails 4 na 2013 ya juya ƙa'ida, ba ya karɓar komai sai abin da magini ya ambata da suna. To, in ƙwararrun GitHub sun manta, ina ga ɗalibin da ke haɗa shafi da tsakar dare gobe zai miƙa?

Wasu za su ce yawan takunkumi yana sa magini lalaci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin takunkumi yana da iyaka. Alal misali, shafin kuskure na Django yana rufe saitin da sunansa ya ƙunshi kalmomi irin su KEY ko SECRET ko PASS. Wanda ya raɗa wa nasa suna MABUDI ko SIRRI, da kishin harshe, tubalin ba zai gane ba, zai baje shi kowa ya gani. Haka nan wanda ya toshe kuskure gaba ɗaya, bai nuna wa baƙo ba, bai kuma rubuta a kundi ba, ya bar ɗalibi yana zaton kuɗinsa sun shiga alhali ba su shiga ba.

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin kwamfuta, kada a karɓi aikin kammala karatu sai an jawo kuskure da gangan a gaban malami, a ga abin da baƙo zai gani da abin da ya shiga kundi. Ma'aikatun da ke ba da kwangilar shafi su ma su nemi haka kafin su biya. Tun 2015 Django yana da umarni guda mai duba ko an bar yanayin gwaji a kunne, kuma gudanar da shi bai kai minti ɗaya ba.