Birki ba ya tsinkewa rana ɗaya, mu daina ɗora wa ƙaddara sakacinmu

1/ Jama'a, yau da direbobin a-kori-kura da masu Hilux na yankinmu nake. Duk haɗarin da aka yi sai ka ji "birki ne ya tsinke, ƙaddara ce." Mun yi imani da ƙaddara, amma birki sai ya yi makonni yana kuka kafin ya tsinke. Wani ne ya toshe kunnensa. Ga zare 🧵

2/ Ni ɗalibi ne a FUDMA, ba bakanike ba. Amma duk mai bin hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi, kusan kilomita 60, ya san ƙarar nan ta ƙiiii idan direba ya taka birki. Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Fad ɗin ya gama cinyewa, faifan yake gurzawa, mu kuma muna ciki muna latsa waya.

3/ Motar da ke sauka daga kwalta ta shiga burji, ta ɗauko buhunan masara a ƙauyukan Kurfi ko kayan lambu a gefen dam ɗin Zobe, ba ɗaya take da motar cikin gari ba. Yashi da ƙura da taɓo suna shiga tsakanin fad da faifai su riƙa goge shi. Ga lodin da ya wuce kima. Dole birkinta ya riga na kowa ƙarewa.

4/ Yawancin Hilux ɗin da muke gani faifai ne a gaba, diram a baya. Na gaba ya fi shan wahala, domin idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa. Na baya kuma a rufe yake, taɓo ya shiga ya bushe ba mai gani. Idan ba a kwance an wanke ba, sunan birki kawai ya rage.

5/ Ka'idar ba ta da wuya. Kaurin fad ya sauko kusan milimita 3, a canza. Kuma hagu da dama tare. Amma sai ka ji oga ya ce wa bakanike "sa mini ɗaya, ɗayan zai kai sati." Ranar da ya taka birki da ƙarfi mota ta ja gefe guda, wa za a tuhuma?

6/ Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne man birki. Akwai masu zuba ruwan omo idan mai ya ƙare, wai a lallaɓa a kai gida. Malam, sabon man DOT 3 sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa. Ruwa a 100 yake tafasa. Da ya tafasa ya zama tururi, ka taka ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota ba ta ma san kana yi ba.

7/ Ko man gaskiyar ma yana shan laima daga iska a hankali, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara 2. Tsakani da Allah, motar haya nawa ce a tashoshinmu aka taɓa juye mata man birki ba don ya zube ba?

8/ Na san abin da za a ce: kayan gyara sun yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, direba da kyar yake haɗa balas. Gaskiya ne, ba na musu. Amma kuɗin sitika da fitilu masu walƙiya da lasifika ba ya gagara. Sai an zo kan birki ake neman jabu mafi arha. Arha ba ta ado, balle ta tsayar da mota mai lodi a gangara.

9/ Wani kuma zai ce hanyar ba tsaro, dole a yi gudu a isa kafin magariba. Wannan ma hujja ce a kanka, ba gare ka ba. Idan ka ninka gudu sau 2, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa take sau 4. Mai shirin gudu shi ya fi kowa buƙatar birki mai kyau.

10/ Da damina kuma, in ka tsallake ruwa, ka ɗan tattaka birki a hankali ya bushe kafin ka ba ta wuta. A gangara ka sa ƙaramar giya injin ya taya ka riƙewa. 'Yan uwana masu Boxer, ku ma da ku nake: tafin ƙafa ba birki ba ne.

11/ Shugabannin tasha, kuna duba lodi da kuɗin kamasho kullum. Ku ƙara da birki kafin mota ta tashi, minti 2 ya isa. Jami'an hanya ma, takarda ba ta tsayar da mota.

12/ Mu fasinjoji, mu daina jin kunya. Ka ji ƙarar ƙarfe, ko ka ga direba yana famfa birki sau uku kafin ta tsaya, ka ce "direba, don Allah sauke ni a nan." Za a yi maka dariya, a ce ɗan boko. Gara a kira ka matsoraci kana tsaye a bakin titi. Ku tura wa direban gidanku. Allah Ya tsare mu.