Motar da Ba Direba: Kafin Ka Tura, Ka Tambaya



Makon jiya wani bidiyo ya zagaya wayoyin unguwarmu ta Ƙofar Guga. An nuna mota tana tafiya, sitiyari na juyawa, kujerar direba kuma babu kowa. A ƙasa an rubuta cewa motocin sun kusa shigowa Najeriya, direbobi su nemi wata sana'a. Kawuna, wanda da tuƙi yake ciyar da iyalinsa, ya kwana cikin damuwa. Shi ya sa nake ganin bai kamata ɗalibi ya tura irin wannan labari ba sai ya tantance shi.

Motocin nan akwai su. Kamfanin Waymo yana ɗaukar fasinja ba direba a biranen Amurka kamar Phoenix da San Francisco. Amma a unguwannin da aka zana taswirarsu filla-filla kawai suke aiki. Tsarin Autopilot na Tesla kuwa, duk da sunansa, dole direba ya zauna yana lura da hanya. A 2019 Elon Musk ya yi alkawarin tasi miliyan ɗaya marasa direba a 2020, shekarar ta wuce ba a gan su ba. A watan Maris na 2018 motar gwaji ta Uber ta kashe wata mata a Arizona, a Oktoban 2023 kuma hukumomin Kalifoniya suka dakatar da motocin Cruise bayan ɗaya ta ja wata mata a ƙasa. Mai talla ba zai faɗa maka waɗannan ba.

To, ta yaya za mu gane labarin kirki? Na farko, wa ya rubuta? Shafin da ba shi da sunan marubuci ko adireshi abin zargi ne. Na biyu, yaushe kuma a ina aka ɗauki bidiyon? Ka dubi lambar mota da allunan titi. Na uku, me mai labarin zai samu? Kamfani kasuwa yake nema, mai shafi kuma mabiya. Na huɗu, ko BBC Hausa ko Aminiya sun kawo shi? Akwai kuma Dubawa, shafin da ke bin diddigin labarai a Najeriya.

Wani zai ce ai gani ya kori ji. Da haka ne, amma yanzu ƙirƙirarriyar basira tana haɗa bidiyon abin da bai taɓa faruwa ba. Ka kuma tambayi kanka: motar da ta saba da titi mai layi da alamomi, yaya za ta yi da Keke NAPEP, 'yan acaɓa da awakin Ƙofar Guga da yamma?

Ina roƙon malamanmu su ware mana minti goma a darasin kwamfuta mu riƙa gwada tantance labari ɗaya. Mu kuma ɗalibai, mu ne ke karanta wa iyayenmu saƙonnin waya. Idan muka kai musu ƙarya, mu muka ɗaga musu hankali.

Daga wata 'yar Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta