Motar da Albashi Zai Iya Ciyarwa

Daga cikin burace-buracen da ɗalibi yake kwana da su yake tashi da su tun shekararsa ta farko a jami'a, ba wanda ya kai na mota daɗewa a zuciya. Kowannenmu ya riga ya zaɓi tasa a ransa, har da launinta, tun bai ga takardar ɗaukar aiki ba. Wannan ba laifi ba ne. Abin da muke so mu tattauna a wannan shafi shi ne, wace mota ce ta dace da mutumin da zai kama aiki a mataki na takwas, ba shi da gādo, ba shi da wata hanyar samu sai albashi, ya kuma ƙudura a ransa ba zai taɓa dukiyar jama'a ba. Ra'ayinmu shi ne, irin wannan mutum ya nemi ƙaramar mota mai yankakken baya, watau wadda ake ɗaga ƙofarta ta baya har da gilashi a zuba kaya, kuma daga cikin irinsu mun fi karkata ga Toyota Yaris ƙirar 2005 zuwa 2011. Za mu faɗi dalilinmu, za mu kuma faɗi aibinta, gama mu ba dillalai ba ne.

Da farko ya kamata mu san zamanin da muke ciki. Waɗanda suka gama jami'a a shekarun 1970 sun fito sun tarar da aiki yana jiransu, ga kuma rancen mota daga gwamnati. A 1975 aka biya ariyas na ƙarin albashin Udoji, a shekarar ce kuma kamfanin Peugeot na Kaduna da na Volkswagen na Ikko suka fara harhaɗa motoci a cikin ƙasa. Matashi ya kan shiga sabuwar Beetle, in ya ɗan daɗe a aiki ya koma 504. Wannan zamani ya wuce, amma ya bar mana gādon tunani, cewa duk mai digiri dole a gan shi da mota, kuma girman motar shi ne girman mutum. Halin da muka tarar daban ne. Ran 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A cikin Yuni 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take kusan Naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Tun da motar da kayan gyaranta duk daga waje suke zuwa, kowane ƙusa na jikinta da dala ake lissafinsa.

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. A ce ma'aikaci yana tafiyar kilomita 30 kowace rana, tsakanin gida da ofis da kasuwa da gaishe-gaishen dangi. A wata ya yi kilomita 900 ke nan. Yaris takan sha kamar lita 7 zuwa 8 a kilomita 100 cikin gari. Mu ɗauki 8, ya zama lita 72 a wata. Babbar mota mai silinda shida, irin wadda samari ke rububi, ba ta kasa lita 12 a wannan tafiya, watau lita 108. Bambanci lita 36 ne. In aka sa lita a kan Naira 1,000, rarar ta zama Naira 36,000 a kowane wata, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar a Yuli 2024. Magabata sun san cewa sayen doki ba shi ne wahala ba, dawa da harawar kullum su ke korar mai doki daga gidansa. Mota ma haka take, ranar saye ɗaya ce, ciyarwa kuwa kullum ce.

Ita Yaris ba baƙuwar ƙira ba ce da za a yi gwaji da kuɗinmu a kanta. Ta fara fitowa a 1999, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 2000, kuma tun 2001 ake ƙera ta a Faransa ban da Japan. Ƙira ta biyu, wadda muke magana a kai, tsawonta bai kai mita huɗu ba, nauyinta kamar tan guda. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne sauƙin gininta. Sarƙar ƙarfe ce ke daidaita tafiyar injinta, ba bel ɗin roba da sai an riƙa canzawa ba, wanda in ya tsinke kan hanya ya kan jawo asarar inji a wasu motocin. Ƙafafunta na baya sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, ba tarkacen da zai riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Tayoyinta ƙanana ne, saboda haka kuɗinsu da sauƙi, baƙin man da take ci a juye ɗaya bai kai lita huɗu ba. Ga wanda ya san cunkoson Kano ko neman wurin ajiye mota a sakatariya, gajartarta ma ni'ima ce. In aka naɗe kujerun baya kuwa, buhun shinkafa da jarkar mai da akwatin littattafai duk za su shiga ba gardama. A gwajin karo da aka yi mata a Turai a 2005 ta sami taurari biyar wajen kare manya da ke ciki, ko da yake ma'aunin wancan lokaci bai kai na bayansa tsanani ba.

Sai dai a lura, sunan ɗaya ne amma motocin iri-iri ne, nan ne kuma mai ƙaramin ƙarfi ke faɗawa rami. Wadda ta zo daga Amurka injinta mai lita 1.5 ne, ya fi ƙarfi, makanikai kuma sun san shi. Ta Turai akwai mai lita 1.3, wadda a ganinmu ita ce tsaka-tsaki, akwai mai lita 1.0 mai silinda uku, akwai kuma mai shan gas. Mai silinda uku ta fi kowacce tsimin mai, amma a ɗora mata mutum huɗu a kunna na'urar sanyi cikin zafin Afrilu, sai a ji tana nishi a ɗan hawa kaɗan. Mai shan gas kuwa gyaran famfonta da nozul ɗinta sai ƙwararre, kuma ba arha. Abin da muka fi jan kunne a kansa shi ne giyar da ake kira MMT a wasu na Turai. Dillali zai ce atomatik ce, alhali kuwa giyar hannu ce aka ɗora wa na'ura mai taka kuloci da kanta. In ta fara fizga, mai iya saita ta ba a kowane gareji ake samunsa ba. Wanda ya iya tuƙi ya ɗauki mai giyar hannu ya huta. Wanda ya nace sai atomatik ya nemi ta Amurka mai giya huɗu. Haka nan a yi hattara da wadda aka rubuta wa Vitz, sunanta ke nan a Japan, inda sitiyari ke dama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilu 1972, dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka sai a yanke a mayar da shi hagu. Ran mutum bai kamata ya rataya a kan waldar da ba a san wanda ya yi ta ba.

Aibinta fa? Akwai shi, ba kuwa za mu ɓoye ba. Gindinta a ƙasa yake, hanyar ƙauye da damina ba tata ba ce, ramukan titi kuma suna gajiyar da ƙafafunta na gaba da wuri. A doguwar tafiya, kamar daga Zariya zuwa Maiduguri, tana da ƙara, in tirela ta wuce ta sai ta girgiza. Mutum uku manya a baya a takure za su zauna, in kuwa kujerun a cike suke, wurin kaya ya zama ɗan kaɗan. Kayan gyaranta ba su kai na Corolla yawa a kasuwa ba, musamman fitilu da gilasai. Bugu da ƙari, tana cikin motocin da kamfanin ya yi kira a mayar don canza jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima ke lalata sinadarinta har ta fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Mai saye ya bincika da lambar jikin motar ko an canza. Sannan kada a manta, autarsu a 2011 ta fito. Tsohuwar mota ce, lafiyarta kuwa ta dogara ga hannun da ta fito fiye da sunan da ke goshinta.

Saboda haka ranar ciniki a je da makaniken da aka amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da inji da sanyin safiya a saurari ƙararsa, a duba ko ruwa ya gauraya da baƙin mai, a leƙa ƙarƙashi don tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan ƙasashen sanyi, a ɗaga kafet a shinshina ko ta taɓa nutsewa a ambaliya. A gwada lambar jikinta mai harafi da alƙalami 17 da wadda ke cikin takardu. Tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, takardar kwastan ta jabu ta jawo wa mutane da yawa ƙwace mota a hanya, don haka a tabbatar da ita kafin a biya ko kwabo. A kuma ware wani abu daga kuɗin saye don taya da batir da juye na farko. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce: wai motar mata ce, wai ba a zuwa gidan surukai da ita, wai masinja ba zai tashi ya gaishe ka ba. Wannan magana ita ce ainihin ciwon, ta fi duk wani aibin inji haɗari. Matashin da ya sayi motar da ta fi ƙarfin albashinsa hanya uku ce a gabansa: ya jingine ta a ƙofar gida ƙura ta rufe, ko ya shiga bashi, ko ya fara kallon fayil ɗin da ke kan teburinsa da wani ido. Da yawa daga cikin manyan da muke zagi a tarurrukan ƙungiya ba da miliyoyi suka fara ba, da kuɗin man mota suka fara. Mu da muke ɗaga murya a kan cin hanci muna ɗalibai, ya kamata mu tsara rayuwar da ba za ta tilasta mana shi ba in mun fita.

Har ila yau, lissafin da muka yi a sama yana da wani darasi mai ɗaci. Lita 72 a kan Naira 1,000 ta haura mafi ƙarancin albashi gaba ɗayansa, tun ba a zo ga inshora da sabunta takardu da makanike ba. Ma'ana, ko wannan 'yar ƙaramar ba ta kowa ba ce. Wanda kuɗin mai da gyara za su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na samunsa, shawararmu ya dakata, ya shiga adashi ko ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, ya yi haƙuri da motar haya har ƙarfinsa ya kawo. Waɗanda ke unguwa ɗaya da ofis ɗaya su haɗa kuɗin mai su shiga mota guda, ba abin kunya a ciki. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin ma'aikata su matsa wa hukumomi a kan motocin safa masu tsari, domin ƙasar da sai kowane ƙaramin ma'aikaci ya mallaki mota kafin ya isa ofis a kan lokaci ba ta yi wa ma'aikatanta adalci ba.

Ga wanda ya auna ya ga zai iya, Yaris mai lita 1.3 ko 1.5, mai giyar hannu, mai sitiyarin hagu na asali da cikakkun takardu, za ta kai shi aiki ta komo da shi, ta bar masa abin cefane. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya ba mu abin hawa na halal, ya kuma tsare mu a kan hanya.