Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago A Kan Masu Tuƙa Ƙugiya

Mai girma Minista,

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan sana'ar da na ci abinci da ita shekaru masu yawa, wadda kuma tsare rayukan masu yin ta yake a wuyan ma'aikatarka. Ina nufin tuƙin ƙugiya, wato injin ɗaga kaya masu nauyi, tun daga dogayen da ake kafawa a wurin ginin bene har zuwa motar Hiab da ke sauke janareto da tiransifoma a unguwanninmu.

Duk wanda ya yi wannan aiki ba ya manta ranar Juma'a, 11 ga Satumba, 2015. Ana sauran kwanaki kaɗan a fara aikin Hajji, aka yi iska da ruwa a Makka, wata ƙatuwar ƙugiya ta rikito a kan Masallacin Harami. Mutum 111 suka rasu, kusan 400 suka jikkata, har da alhazanmu na Najeriya. Allah Ya ji ƙansu. Injin nan ƙirar Liebherr ne na ƙasar Jamus, ba tsohon kwaraɓaɓɓe ba ne. Kwamitin binciken da aka kafa ya gano cewa an bar hannunsa a ɗage, alhali umarnin masu ƙera shi shi ne a kwantar da hannun idan ba a aiki ko ana jiran iska mai ƙarfi. A 2023 kotu ta ci kamfanin Binladin, wanda ke aiki da ƙugiyar, tarar riyal miliyan 20 saboda sakaci. Mun yi imani da ƙaddara, amma wannan lamari ya nuna mana cewa inji mai kyau da kuɗi mai yawa ba sa rufe gurbin mutumin da ya san abin da ya kamata a yi, kuma aka ba shi ikon ya yi.

Yau irin waɗannan injuna sun ƙaru a ƙasarmu. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, kowace kuwa aikinta ɗaga kwantena ne da sauke ta. Ga shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kano, ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ga gadojin sama da jihohi ke ta ginawa a tsakiyar kasuwa da jama'a. Injunan suna shigowa cikin jirgin ruwa a 'yan makonni, amma ba a samar da direban kirki a 'yan makonni.

Ga yadda yawancinmu muka koya. Yaro yakan fara a matsayin karen mota: ya wanke inji, ya zuba giris, ya ɗauko katako. Wata rana oga ya tafi sallah ko cin abinci, sai ya ce masa, "Hau ka ƙarasa sauke wannan." Idan Allah Ya sa ya sauke lafiya, shi ke nan ya zama direba. Ba na raina wannan hanya, domin na ga dattawan da ba su taɓa shiga aji ba amma kunnensu na jin kukan igiyar ƙarfe kafin ta tsinke. Sai dai abin da oga bai sani ba, yaronsa ma ba zai sani ba, haka kuskure ɗaya yake tafiya daga hannu zuwa hannu har ya sami ranar da zai ci rai.

Ni ma na ga wannan rana. A wani wurin gini, da damina, aka kawo mana tankin ƙarfe za a ɗora a kan ginshiƙi. Babu wanda ya san ainihin nauyinsa, an dai kimanta da ido. Ƙafar motar ƙugiyar ta gefe ɗaya tana kan ƙasar da aka cike ba da daɗewa ba, kuma ba a sa mata katako mai faɗi ba. Direban ya ce a dakata, mai kula da aikin ya ce kuɗin haya na tafiya. Hannun ƙugiya na juyawa zuwa wancan gefen sai ƙafar ta nutse, tankin ya yi lilo ya bugi wani lebura da ke riƙe da shi da hannu. Yaron ya rayu, amma bai sake tafiya da ƙafafunsa ba. Washegari aka ci gaba da aiki, babu wani jami'i da ya zo ya tambayi abin da ya faru.

Ranka ya daɗe, abin da ya kamata a sani a wannan sana'a ba sihiri ba ne, ana iya koyar da shi. Ƙugiyar da aka rubuta wa tan 50 a jiki tana ɗaga tan 50 ne kawai idan kayan na dab da ita kuma hannunta a takure yake. Da zarar an miƙa hannun nesa, ƙarfinta ya ragu ƙwarai, har ta kai wani wuri 'yan tan kaɗan ma za su kifar da ita. Wannan lissafi yana cikin jadawalin da masu ƙera injin suke maƙalawa a ɗakin direba, amma sau da yawa za ka tarar ya goge, ko an rubuta shi da harshen da direban ba ya karantawa. Akwai na'urar da ke ƙara ta tsayar da inji idan nauyi ya yi yawa. Nawa na gani an cire mata waya don wai tana ɓata lokaci?

Mai ɗaure kaya ma haka. Sarƙoƙi biyu idan suna tsaye kyam, kowace rabin nauyin take ɗauka. Idan aka bubbuɗe su har suka kwanta zuwa digiri 30 daga saman kayan, kowace ɗaya tana jan nauyin kayan gaba ɗaya. Wanda bai san haka ba zai ga sarƙa ta tsinke ya ce jabu ce. Sannan ga wayar wuta mai ƙarfi da ke ratsa saman titunanmu, wadda ba sai hannun ƙugiya ya taɓa ta ba, kusantarta ma ya isa wuta ta yi tsalle, kuma wanda ke ƙasa riƙe da kaya shi take fara ci. Mai ba da hannu kuwa mutum ɗaya ne tak ya kamata direba ya bi, ban da umarnin "tsaya", wanda kowa ke da ikon bayarwa. A wurarenmu mutum biyar ne ke ihu lokaci ɗaya, wannan na cewa "ɗaga", wancan na cewa "sauke".

Doka ba ta rasa ba. Akwai Dokar Masana'antu tun 1987, kuma a 2018 ma'aikatarka ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan injunan ɗaga kaya, waɗanda suka yi magana a kan duba injuna da cancantar masu sarrafa su. Kamfanonin man fetur na Fatakwal da manyan tashoshin ruwa na Legas sun san da su, domin ba ka hawa injinsu sai da takarda. Amma mai Hiab ɗaya da ke jiran haya a bakin titi a Kano ko Gusau ko Gombe, a shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa jin an kai masa labarin ba.

Roƙona shi ne a kawo horon inda mutanen suke. Hukumar horar da ma'aikata ta ITF tana da hedikwata a Jos, hukumar ilimin fasaha ta NBTE tana Kaduna, ga tashoshin tsandauri da injunansu a ajiye. Ba sai an gina sabon abu ba kafin a fara. Ma'aikatarka ta daɗe tana ba makanikai da masu walda takardar gwajin sana'a, to a yi wa direban ƙugiya da mai ɗaure kaya da mai ba da hannu gwaji a kan inji, a fili, da Hausa ga mai jin Hausa. Kada a mayar da abin jarrabawar takarda da Turanci, domin hakan zai kori ƙwararrun dattawa ya bar masu kuɗin sayen satifiket. A fassara jadawalin nauyi da alamomin hannu, a raba su kyauta a gareji-gareji. Kuɗin gwajin kuma ya zama wanda ɗan koyo zai iya biya.

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Direban da na ba ka labari ya san ƙasar nan ba za ta riƙe ba, kuma ya faɗa. Ya ɗaga ne don ya san idan ya ƙi, gobe wani ne a kujerarsa, ga iyali a gida. Ina roƙon ka sanar da 'yan kwangila da masu ba da hayar injuna a fili cewa duk direban da ya ƙi ɗaga kaya saboda iska, ko laushin ƙasa, ko rashin sanin nauyi, ba za a kore shi ba, a kuma ba mu lambar da za mu kira a ofishin ƙwadago na jiha, wadda sufeto zai ɗauka ya zo wurin. Idan kuma tsautsayi ya auku, a rubuta shi, a bincika, a tabbatar wanda ya jikkata ya sami diyyarsa ta hannun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF kamar yadda dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanada. Yaron nan lebura har yau 'yan uwansa ne ke ɗauke da shi.

Allah Ya taya ka riƙo.

Naka,
Wani tsohon direban ƙugiya, daga Kano