Kisan Baƙaƙen Fata a Fina-finan Amurka: Ana Nuna Harbi, Ana Tsallake Kotu

A shekarar 1989 Spike Lee ya fitar da Do the Right Thing, inda 'yan sandan New York suka shaƙe wani matashi baƙar fata, Radio Raheem, har ya mutu a gaban mutanen unguwa. Bayan shekara 25 aka shaƙe Eric Garner a birnin, wannan karon ba a fim ba. Da aka kashe George Floyd a 2020, Lee ya jera mutuwar ukun cikin gajeren bidiyo ɗaya.

Sai dai fina-finan sun fi ƙwarewa wajen nuna lokacin kisa a kan abin da ke biyo baya. A Fruitvale Station na 2013, Ryan Coogler ya bi Oscar Grant a ranarsa ta ƙarshe, da 'yarsa da mahaifiyarsa, kafin ɗan sanda ya harbe shi a baya a tashar jirgin ƙasa ta Oakland, ranar farko ta 2009. Shari'ar kuwa, wadda ɗan sandan ya yi wata 11 kacal a tsare bayanta, 'yan layukan rubutu ne a ƙarshen fim.

Detroit na 2017 ya shiga kotu, amma ya tara muguntar a fuskar ɗan sanda guda. Wannan sauƙi ne ga mai kallo: ya tsani mutum ɗaya, ya tashi. Masu taya alƙali hukunci, dukkansu fararen fata, waɗanda suka wanke 'yan sandan, ɗan lokaci kaɗan kyamara ta tsaya a kansu.