Tulu Ba Ya Karyewa, Kara Ba Ya Fashewa



Akwai wani darasi da kusan dukanmu muka taɓa koyarwa, daga makarantun cikin garin Funtuwa har zuwa na ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur. Malami zai juya ga allo ya rubuta “break, broke, broken”, a ƙarƙashinsa “tear, tore, torn”. Yara su ɗauka da rerawa har ajin da ke maƙwabtaka ya kasa jin malaminsa. Daga nan sai a ce musu “break” shi ne karya, su kwafa a littafi, a buga ƙararrawa. Bayan mako guda yaro zai kawo ƙarar an yaga masa littafi, ya ce “he broke my book”. Yarinya za ta rubuta cewa igiyar gugarsu “has cut”. Mu kuwa sai mu zare jan biro, mu koma ofis muna cewa yaran yanzu ba su da ƙwaƙwalwa. Wannan hukunci zalunci ne, kuma lokaci ya yi da za mu daina yanke shi.

Mu dubi abin da yaron ya shigo da shi aji kafin mu buɗe baki. Yarinya 'yar shekara biyar a Bakori ta san tulu fashewa yake yi, karan dawa karyewa, zane yagewa, igiyar guga tsinkewa. Ta san bangon ƙasa tsagewa yake yi, in damina ta yi nauyi kuma ya rushe. Ta san itace faskara shi ake yi, gyaɗa ɓarewa, ƙuli-ƙuli gutsurawa, bakin ƙwarya kuwa ɓantarewa yake yi. Ka ce mata ƙwai ya karye, ko rake ya yage, ka ga yadda za ta tuntsire da dariya. Babu wanda ya zana mata jadawali, amma ƙa'idar tana kanta daram: dogon abu mai tauri karya shi ake yi, mai ciki ko mai ƙwanso a fasa shi, mai faɗi da laushi a yaga shi, dogo mai laushi a tsinka shi. Hausa siffar abin take duba kafin ta zaɓi kalma. Yaron da ya ƙware a wannan rarrabewa tun bai yi wayo ba, ta yaya za a kira shi daƙiƙi?

Turanci kuwa wani yanka ya yi dabam. Kalmar “break” babban buhu ce: tulu, kara, ƙashi, igiya, har agogon da ya daina aiki, duk tana iya haɗiye su. Sauran kalmomin sun fi kula da yadda abin ya faru, da ƙarfin da aka sa, da ƙarar da aka ji, da abin da ya rage. “Crack” tsagewa ce ba tare da abin ya rabu ba. “Shatter” tarwatsewa ce ƙanana-ƙanana, irin ta gilashi. “Smash” ragargazawa ce da ƙarfin tsiya. “Snap” rabuwa ce farat ɗaya mai ƙara, shi ya sa ta shafi busasshen kara da ya karye da kuma zaren da ya tsinke, abubuwa biyu da Bahaushe ba ya haɗa su a kalma ɗaya. “Split” tsagawa ce bisa tsawo, irin ta faskare. “Burst” fashewa ce daga ciki, kamar tayar keke da aka cika wa iska. “Crush” murƙushewa ce da nauyi. Ku lura da kalmarmu ta fasa: ita kaɗai takan zama “crack” a kan ƙwai, “burst” a kan taya, “smash” a kan gilashin mota, “break” a kan tulu. Ashe duk wanda ya jera kalma ɗaya ta Turanci gaban kalma ɗaya ta Hausa ya ce a haddace, ƙarya ya koyar, ko da bai yi nufi ba.

Wannan bambanci bai tsaya ga Hausa da Turanci ba. A cibiyar binciken harshe ta Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, Asifa Majid da Melissa Bowerman da abokan aikinsu sun nuna wa masu magana da harsuna 28 gajerun hotunan bidiyo na mutane suna yanka abubuwa da fasa su, suka nemi kowa ya faɗi abin da ya gani. Sun tarar kowane harshe da inda yake sa tasa iyakar tsakanin kalmomin. Darasin da ke ciki gare mu a fili yake. Koyon waɗannan kalmomi aikin kwatanta iyaka da iyaka ne, kamar yadda manoma biyu maƙwabta ke tsayawa a kan kunya su nuna inda gonar kowa ta tsaya. Ba a yin wannan aiki sai gonakin biyu suna gaban ido.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Gonar da yaro ya sani ita muka haramta masa ambato. Har yau akwai makarantu a yankinmu, na gwamnati da na kuɗi, inda ake ba monita takarda ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a sa shi sharar fili. An laƙaba wa harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da wa'azi da rubutu da shi suna “vernacular”, ana furta shi kamar zagi. Harshen da Bargery ya tattara kalmominsa a ƙamus tun 1934, shi ne ake hukunta yaro don ya taɓa shi. Abin da wannan doka ta haifar ba boyayye ba ne: aji ya yi tsit, yaro ya gwammace ya yi shiru da ya tambaya, ya fita firamare Turancin bai zauna ba, Hausar kuma bai iya rubuta ta ba. An yi biyu babu.

Abin takaici, yanzu wannan tsohuwar al'ada ta samu goyon baya daga sama. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a farkon firamare, daga baya aka fayyace shekaru uku na farko. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke tsarin, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga matakin farko, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Muna tambaya cikin girmamawa: yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022, wace jarrabawar WAEC ya rubuta kafin 2025? Shekara goma sha biyu ke tsakanin aji ɗaya da wannan jarrabawa. Waɗanda suka faɗi, a tsohon tsari suka tashi. Mu da ke riƙe da alli mun san tsarin shekaru shida a takarda ya tsaya, bai iso ajinmu da littattafansa da horonsa ba. Maganin da ba a sha ba, ba a ɗora masa laifin ciwo.

Mun san abin da wasu iyaye za su ce, kuma ba mu raina shi ba. Manomin da ya sayar da buhun masara a kasuwar Dandume don ɗansa ya yi karatu, so yake ya ji Turanci a bakin yaron, domin ya san babu shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Gaskiyarsa ce, mu ma abin da muke nema ke nan. Saɓaninmu da masu hana Hausa a kan hanya ne. An kuwa taɓa gwada hanyar a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokansa a Jami'ar Ife sun koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun ma fi su a wasu darussan. Wasu kuma kan ce garin Funtuwa ya tara Yarabawa da Ibo da Fulani, don haka Turanci ne adalci. Mafi yawan waɗannan yara da Hausa suke wasa a layi, kuma in aka tambaye su yadda ake cewa tulu ya fashe a gidansu, darasin ƙaruwa yake yi.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya tun da a gida muke. Da yawa daga cikinmu rerawa muke sa yara domin ita ce hanyar da ba ta tona asirinmu. Akwai waɗanda suka fito da takardar NCE ba a taɓa zaunar da su an bambance musu “crack” da “shatter” ba, sai suka gwammace su ɓuya a bayan jadawali. Rashin sani ba abin kunya ba ne ga wanda ba a koya wa ba. Abin kunya shi ne mu ɗora wa yaro ɗan shekara tara laifin giɓin da ke cikin namu horon.

Gyaran kuwa bai buƙatar kwangila. Gani ya kori ji. Malami ya shigo aji da busasshen karan masara, da tsohuwar jarida, da zare, da ƙwanson ƙwai, da gyaɗa, da leda da aka hura. Ya kira yaro ya karya karan a gaban aji, ya tambaya da Hausa me ya faru. Kowa zai amsa, har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba. Sai ya ba su kalmar Turanci, su faɗa, su sa ta a jimla. Ya ja zaren har ya tsinke, ya nuna musu cewa Bature kalmar da ya ba karan ita ya ba zaren, ya bar su su yi mamaki, domin abin da aka yi mamakinsa ba a mantawa. A manyan azuzuwa a ƙara da inda harsunan suka haɗu da inda suka rabu: mu da su duk muna karya doka, muna karya alkawari, muna karya kumallo, amma inda Bature ya ce mota ta “break down”, mu lalacewa muke cewa, inda ya ce “day breaks”, mu gari ne ya waye mana. Darasi ɗaya irin wannan ya fi mako guda na rerawa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantun da ke wannan reshe su yaga takardar monita, su daina hukunta yaro don ya yi harshen uwarsa. Muna kira ga masu duba makarantu su auna darasi da abin da yaro ya iya faɗa, kada su ɗauki Hausar da malami ya yi don bayani a matsayin laifi. Muna kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta sa wannan dabara a cikin bitar malamai, ta kuma wadata makarantu da ƙamus na Turanci da Hausa. Muna kira ga uwar ƙungiya ta kai kukanmu gaba har a sake duba shawarar 2025. Mu kuma a reshe, mu keɓe wani ɓangare na kowane taro wanda ya fi sani ya koya wa ɗan'uwansa, ba tare da gori ba.

Iyaye, ku ma kuna da rabo. In yaro ya dawo gida, ku miƙa masa kara ko tsumma, ku tambaye shi sunan abin da ya faru da Hausa, sa'an nan da Turanci. Ko ba ku ji Turanci ba, rabin darasin a hannunku yake.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka danƙa mana, Ya albarkaci zuri'armu. Amin.