Raddi Ga Masu Cewa Tsofaffin Littattafai Ba Su Da Abin Ba Matasan Zamfara

Akwai ra'ayin da ke yawo a bakin wasu 'yan boko, wai lokacin Magana Jari Ce da Shaihu Umar da Ruwan Bagaja ya wuce, don haka tilasta wa yaron Anka ko yarinyar Gummi karanta su ɓata lokaci ne. Hujjojinsu huɗu ne, kuma ba wadda ke tsayuwa idan aka tauna ta.

Sun ce littattafan sun tsufa, ba su san halin da matashin yau ke ciki ba. Duk wanda ya faɗi haka, ina shakkar ko ya buɗe Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi, aka buga a 1934, kuma ƙashin bayansa labarin yaron da aka sace yana ƙarami, aka ratsa hamada da shi, mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa. A jihar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda kuɗin fansa ya zama maganar yau da kullum, wa zai kira wannan tsohon zance? Yaron da aka ɗauke ɗan'uwansa zai ga kansa a ciki, zai kuma ga abin da hirar majalisa ba ta nuna masa: wanda aka sace ya rayu, ya yi ilimi, ya zauna yana karantar da ɗalibai. Magana Jari Ce ma haka take. Mutane suna tuna ban dariyarta su manta ginshiƙinta, wato saurayi Musa da jininsa ke tafasa yana son fita fagen yaƙi, waziri na shirya masa halaka a waje, aku kuwa yana riƙe shi da labari dare bayan dare. Iyayen da ke fargabar ɗansu ya ɗauki bindiga, ko da sunan ramuwa ko da sunan sa-kai, sun fi kowa sanin darajar abin da akun nan ya yi.

Sun ce aikin Turawan mulki ne, kuma aro ne daga wasu harsuna. Gaskiya ne Bature Rupert East ne ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 a Zariya, gaskiya ne kuma Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, ya ɗebo daga Alfu Laila da wasu tatsuniyoyin ƙetare, har da Maƙamatul Hariri a Ruwan Bagaja. To amma tun yaushe aro ya zama aibi a ilimin ƙasar Hausa? Maƙamar nan dai almajiran zaure sun daɗe suna karanta ta. Garin Gummi ne ya haifi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, ba wanda ya ce Hausarsa ta gurɓata don asalin maganar Larabci ne. Abin dubawa shi ne ko mai aron ya narka abin ya zama nasa, Imam kuwa ya narka.

Sun ce littattafan soyayya da waɗanda ake turawa ta WhatsApp sun fi shiga ran matasa. A nan ina ba su rabin gaskiya. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya taɓo auren dole da karatun 'ya mace ta hanyar da marubutan 1934, dukkansu maza, ba su taɓo ba, kuma ƙona littattafan soyayya da aka yi a Kano a 2007 ba gyara ba ne. Sai dai ba gasa ake yi ba. Yarinyar da ke rubuta labarinta a waya tana bukatar ta ga yadda gwani ke gina jimla, yadda yake jinkirta bayani har mai karatu ya ƙosa, yadda karin magana ke faɗawa gurbinsa. Wanda bai taɓa ganin saƙar gwani ba, da me zai auna tasa?

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: wai ana fama da tsaro da yunwa, wa ke ta labari? Ba na raina wannan. Amma jariran da suka tsira daga gubar dalma ta 2010 a Bagega da Dareta da Yargalma, wadda ta kashe yara sama da 400, yanzu samari ne da 'yan mata, kuma dalma na taɓa ƙwaƙwalwa ta rage kaifin koyo. Sannan sun ga an rufe makarantu watanni a 2021. Irin waɗannan ne aka fi bukatar a karanta musu da ƙarfi, da harshen da suka sha a nono. Littafi ɗaya na Magana Jari Ce ba ya neman caji ko data, kuma idan ɗaya ya iya karatu a sansanin gudun hijira na Anka, ashirin za su zauna su saurara.